Ɗanɗano

Ƙarfe biyun dare a Karantina, Jidda ba ta huce ba.
Na yayyafa wa garwashi ruwa,
iskar teku ta kwaso gishiri ta shafa mana a wuya.
Ina ƙirga cinikin tsire, riyal saba'in da 'yan canji,
waya ta motsa a aljihu.

Baƙuwar lamba, ba ta nan ba, ba ta gida ba.
Hoton mace mai tabarau, murmushi irin na kwalin sabulu.
"Barka da warhaka. Kamfaninmu ya zaɓe ka.
Aiki daga kan gado, riyal ɗari biyar kullum.
Danna wa bidiyo alamar so, ka turo shaida."

Ya zaɓe ni?
Shekara goma sha ɗaya ina fifita wuta a lungun nan,
ko magen unguwa sai ta ji ƙauri take nemana.
Ban rubuta takarda ba, ban ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba.
Wa ya kai mata labarina?

Amma na danna. Ba zan ɓoye ba.
Sau uku na danna, kafin in wanke tire
riyal talatin suka faɗo asusuna
kamar nunannen mangwaro daga bishiyar da ban shuka ba.
Na kwana ina lissafi da rufin ɗaki:
kuɗin sabunta igama,
kwanon ɗakin Inna Tasalla da ke yoyo a Gumel.

Da hantsi ta dawo.
"Ka haye mataki na biyu.
Zuba ɗari uku, ka kwashi ɗari biyar.
Turo hoton igamarka, da lambar da banki zai aiko yanzu.
Saura minti goma, mutane na layi."

Yatsa ya kusa.
Sai idona ya faɗa kan wuƙata.

Ai ni ma haka nake yi.
Mutum ya zo wucewa, in yanko ɗan mai kitse,
in barbaɗa yaji, in ce, ɗanɗana, Alhaji, kyauta ne.
Na san ƙafarsa ta gama tafiya.
Sai dai ni namana na kan tire, kowa na gani.
Ita ina nata?

Na rubuta: wace unguwa ofishinku yake? Zan shiga mota in zo.
"Ba ma karɓar baƙi. Saura minti huɗu."
To, a cire ɗari ukun a albashina.
"Dama ce ta sirri, kar ka shawarci kowa."
Tun da nake ban ga mai gida ya ce wa ɗan ƙwadago
biya ni kafin ka ɗauki bulo ba.

Na shawarci kowa.
Na fara da Haliru mai guga, ƙofa uku daga tawa.
Ya ajiye dutsen guga, ya daɗe yana kallon tururi.
Ya ce, ni na kai mataki na biyar.
Suka sa ni a zaure cike da masu godiya,
kowa na liƙa rasit, kowa na kuskuren rubutu iri ɗaya.
Dubu huɗu na zuba, kuɗin aikin idon tsohuwata.
Allon waya ya nuna dubu goma sha ɗaya,
na ce zan cira, suka ce biya haraji.
Na biya. Gari ya waye babu zaure, babu mai tabarau.
Wata biyu ke nan, kai ne na farko da na gaya wa.

Na toshe lambar a gabansa.
Na kira banki, na faɗi abin da ya faru.
Na bi majalisar masu shayi, na nuna hoton matar,
mutum biyu suka sunkuyar da kai.

Talatin ɗin nan suna nan, na kasa taɓawa.
Ban san gumin wa aka yanko aka barbaɗa mini ba.
Daren jiya na naɗe tsinke shida a takarda,
har da albasa, na kai wa Haliru.
Ya laluba aljihu.
Na ce bari, wannan ba ɗanɗano ba ne.